Dan Allah a agaza min, shuket ɗina yana tashi a oven amma ina fito da shi sai ya lotse

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum ƴan uwa, Anties da Hajiyoyin gidan nan barkanmu da warhaka. Dan Allah duk wadda ta san kan shuket ta taimaka min, ɗan abin nan na Faransa da ake yi da kwaɓin ƙwai da bota a barbaɗa masa suga a sama, in ka gutsura cikinsa wayam ba komai sai iska. Ni dai nawa ya ƙi. A cikin oven sai in ga ya kumbura har raina ya yi fari, ina fito da shi kafin in ɗauko faranti ya lotse, cikinsa danƙo-danƙo, sugan kuma ya narke ya gangara ya yi baƙi a gindi.

Bari in faɗa muku mafarin abin don ku gane me ya sa na damu haka. Maigidana ɗan Nijar ne, asalinsu Damagaram amma a Yamai ya tashi, kasuwanci ne ya kawo shi Kano har Allah ya haɗa mu. Danginsa mutanen kirki ne wallahi ba zan musu ƙarya ba, amma akwai ƙanwarsa da ta yi karatu a Faransa a garin Lyon, to duk taron da za a yi a gidansu ita ce mai kayan fulawa kowa sai yabonta yake. Da muka je bikin ƙaninsu bara ta yi shuket ɗin nan tire guda, maigidan ya zauna yana ci yana ba ni labarin wai suna yara in an tashi daga lakwal wato makaranta babansu yakan tsaya a patiseri, shagon kayan fulawa, ya saya musu a ƴar takarda su cinye tun a mota. Ni kuma na kai dubulan da alkaki da muka sha wahala ni da ƙanwar mamata muka yi, an ci an yaba ba laifi, amma da kunnena na ji ƙanwar tasa tana ce wa wata wai matan Kano komai sai sun tsoma shi a mai. Ban tanka ba, ko shi maigidan ban faɗa masa ba har yau, amma maganar tana nan a raina. To yanzu Hajiyarsu za ta zo ganin likitan ido za ta kwana biyu a wajenmu kuma ita ƙanwar ce za ta rako ta, sati mai zuwa in sha Allah, ni kuma da bakina na ce masa zan yi musu shuket ranar da suka sauka, shi kuma ɗoki ya sa har ya faɗa musu a waya.

Yadda na gani a bidiyo haka nake bi, ruwa da bota a wuta, in zuba fulawa in tuƙa, in fasa ƙwai 4, in zuba a leda in matsa a tire. Ƙwai sai tafiya yake a banza ga tsada. Ina matsalar take dan girman Allah?

Maman ƴan biyu:
Wa alaikumus salam. Allah sarki ƴar uwa, dangin miji sai haƙuri. Ni ban taɓa yi ba amma na kafa kujera a nan nima in koya.

Uwargida daga Zariya:
Kin saka bekin foda kuwa? Ban ga kin ambata ba. Ai duk abin fulawa in ba yis to da bekin foda, ki ƙara ƙaramin cokali ɗaya ki gani zai tsaya.

Anty mai kek, Kaduna:
A'a Uwargida kar ki sa ta ƙara asara. Ƙanwata kar ki kuskura ki saka bekin foda ko yis, wannan kwaɓin ba ruwansa da su, tururi ne ke tashinsa. Ruwan da ke cikin kwaɓin in ya ji zafin oven sai ya zama tururi ya hura shi daga ciki, ƙwai da fulawar kuma su kame su zama bango su riƙe shi a haka, shi ya sa cikin yake zama wayam. In kika fito da shi bangon bai gama bushewa ba, tururin na hucewa sai ya zube. Abin da ke samun naki kenan ko ban gani ba na sani.

Amma kin ba mu labarin ƙanwar miji tiryan-tiryan, abin da muke buƙata kuma kin tsallake. Da me kike awo? Fulawa nawa, ruwa nawa? Bota ce ta gaske ko majarin? Wane irin oven ne, kuma kina buɗe shi yana cikin gashi?

Mai tambaya, Kano:
Na gode Anty. Da kofi nake awo, kofi ɗaya na ruwa kofi ɗaya na fulawa. Majarin Simas nake sakawa. Oven ɗin na gas ne wanda ke ƙasan kuka, na kayan ɗakina ne. Buɗewa kam dole ina buɗewa in juya tiren saboda ta baya ya fi ci, in ban juya ba na bayan ƙonewa suke na gaban ko launi ba su canza ba.

Anty mai kek, Kaduna:
To ai ga shi nan kin faɗa da bakinki. Buɗewar nan ita ke kashe miki shi. Kina buɗe ƙofa zafin ya fita iska mai sanyi ta shiga, shi kuma a lokacin bai kame ba, ko ya sake ɗagowa ba zai koma daidai ba. Minti 20 na farko ko wa ya yi sallama ba a taɓa ƙofar nan.

Ki ɗauko biro ki rubuta, haka nake koya wa ɗalibaina kuma ba wadda ta bi shi daidai ta dawo min da kuka. Ruwa mil 250, bota giram 100, fulawa giram 150, ƙwai 4 wato wajen giram 200 in an cire ɓawo, gishiri ɗan kaɗan, suga babban cokali ɗaya. Kin ga kofi ɗaya na fulawa bai wuce giram 120 zuwa 130 ba, kenan tun daga awo fulawarki ta gaza, ga shi kin zuba ƙwai 4 cif a kai, dole ya yi ruwa.

Ki yayyanka botar ƙanana don ta narke kafin ruwan ya tafasa, in kika jefa ta dunƙule ruwan zai yi ta tafasa yana ƙafewa kafin ta narke awonki ya lalace. Yana tafasowa ki sauke, ki juye fulawar gaba ɗaya lokaci guda ba kaɗan-kaɗan ba, ki tuƙa da muciya da ƙarfi har ta haɗe. Sai ki mayar kan wuta kaɗan ki ci gaba da tuƙi kamar minti 2, har ya dunƙule ya saki jikin tukunya ki ga wani siririn fari-fari ya kwanta a gindinta. Wannan busarwar ita mutane ke tsallakewa don hannu ya gaji, alhali ita ke sa ya iya shan ƙwai bai yi ruwa ba. Daga nan ki juye a roba ki bar shi ya sha iska har ki iya sa yatsa ki jure, in kika fasa ƙwai yana tururi dafa ƙwan za ki yi tun a roba, ba abin da zai tashi.

Ƙwan kuma ɗaya bayan ɗaya, sai na farko ya shige gaba ɗaya ki saka na biyu. Na ƙarshen ki kaɗa shi a kofi ki dinga zubawa kaɗan-kaɗan kina dubawa, don ƙwai ba girmansu ɗaya ba, wani kiret ɗin manya ne wani ƙanana. Ki ɗaga muciyar, in kwaɓin yana sheƙi ya zubo a hankali ya bar tsini siffar V a bakinta to ya isa ko da ƙwan ya rage, ki ajiye ragowar ki shafa musu a sama. In ya zubo shar to ya wuce, kuma ba a gyara shi da ɗanyar fulawa, sai dai ki sake dafa wani ɗan kwaɓin ba ƙwai ki haɗa. Oven ki kunna shi tun kafin ki fara, digiri 200 na minti 10 sannan ki rage zuwa 180 ya ƙara minti 15 zuwa 20, sai ya yi ja sosai har cikin tsagar jikinsa. Sannan ki sayi sikeli, ki nemi bota ta gaske.

Mai tambaya, Kano:
Anty na gode Allah ya saka da alheri, amma gaskiya matar da na kalla a bidiyon da kofi ta auna kuma nata ya yi kyau, kuma tana saukewa ta fasa ƙwan ba ta jira komai ba. Bota kuma kin san kuɗinta yanzu, ba zan iya sayenta ina gwaji da ita tana tafiya a shara ba, Simas ɗin nan da ita nake kek da cincin kuma ba wanda ya taɓa kushewa. Maganar buɗewa kuma Anty ke ba ki san oven ɗina ba ne, in na bar shi minti 20 gawayi zan kwaso. Lambobin jikinsa ma 1 zuwa 6 ne babu wani 180.

Ƴar Maradi:
Salamu alaikum. Amaryarmu sannu da ƙoƙari, mu Nijar mun gode da anka riƙe mana ɗa da kyau. Ni na yi aiki wurin wata mata mai gato, wato kek, nan Maradi, kullum da sahe muna yin shuket da kuruwasan. Abin da Anty ta ce na tururi gaskiya ne amma ni ban yarda da ruwa zalla ba, mu rabi madara rabi ruwa muka sawa, 125 da 125, shi ya fi taushi da ƙamshi kuma ya fi yin ja mai kyau. Kuma batun wai ba a buɗe fur sam, mu in sun kai minti 20 sun yi ja muna ɗan buɗe ƙofa mu saƙala muciya a bakinta tururi shi fita su ƙarasa bushewa, in ba haka ba suna yin laushi. Majarin ma muna sawa in bur, wato bota, ta yi wuya, yana tashi sarai, ɗanɗano ne dai ba ɗaya ba. Ki dai kiyayi irin mai taushin nan ta shafa ma burodi, ruwa ya yi mata yawa.

Anty mai kek, Kaduna:
Ƴar uwa ki karanta da kyau, minti 20 na farko na ce. Kuma madara ga wadda oven ɗinta ke ƙona abu? Madara ai ita ke sa ya yi saurin yin ja, sai ta ga ya yi launi ta zata ya gasu ta fito da shi ciki ɗanye. Ruwa zalla za ta sa. Ni ba jiya na fara ba.

Ƴar Maradi:
To Hajiya ni dai abin da hannuna ya yi na faɗa. Su mutanen da za a yi ma abin ai namu ne, na san irin wanda sunka saba ci.

Sukar ɗin sama kuma amarya, ba irin na shayi ba ne shi ya sa naki ke narkewa. Wani ne fari mai tsakuwa-tsakuwa, sukar perle, wuta ba ta narka shi. Da ina aiko ma wata ƴar uwata da ke Katsina ta hanyar Jibiya, tun da anka rufe iyaka 2023 komi ya rikice, ko da anka buɗe direbobin sun ninka kuɗin saƙo, wani ma ya karɓi kayana ya ce sun ɓace a hanya har yau ba bayani, ni da ke neman na cefane. Wallahi talaka ne ke shan wuya a wannan lamari, su manya ba abin da ya dame su.

Maman ƴan biyu:
Hmm ni maganar ƙanwar mijin nan ce ta tsaya min. Wallahi irinsu ɗaya da tawa. Ranar sunan ƴan biyu ina fama da ɗinki ko tsayuwa ba na iya yi sosai, ta shigo kicin ta buɗe tukunya ta ce wai wannan ce miyar da za a ba baƙi, a gaban ƴan uwana. Kuma in ka faɗa wa mijin ya ce yarinya ce ki yi haƙuri, yarinyar da ta girme ni. Ƴar uwa ko kin yi shuket ɗin da ya fi na Faransa sai ta samo abin faɗa, ki rubuta ki ajiye.

Ɗaliba a Faransa:
Sannunku Anties. Ni ina karatu a nan kuma kusan duk gidan burodin da ka shiga akwai shi a gefen kanta, a awo ake sayarwa giram 100 ko kuma dozin, a zuba maka a jakar takarda, yara suna ci da la'asar in an tashi makaranta wajen ƙarfe 4. A wajensu shi ne mafi sauƙi a duk abin da ake yi da kwaɓin nan, don da shi ake yin ekler da frofitarol da Paris-Brest mai siffar taya wanda aka ƙirƙira a 1910 saboda tseren keke, in aka sa cuku maimakon suga kuma ya zama gujer. Sun daɗe da kwaɓin nan, tun zamanin Carême babban kukun nan nasu da ya rasu a 1833 ake yin sa kusan yadda ake yi yau.

Anty mai tambaya ga dabarar suga in ba ki samu perle ba. Ki samu sugan kwali mai ƙwaya irin St Louis, ki zuba a leda mai kauri ki ɗan daddaka da muciya, kar ya zama gari, sai ki tankaɗe ki ɗebi tsakuwar da ta rage a rariya, garin ki ajiye na shayi. Ba zai kai na ainihin juriya ba amma ya fi na buhu nesa ba kusa ba. Ki shafa ruwan ƙwai a sama ki zuba da yawa don in ya kumbura sugan warwatsewa yake, wanda ya zube a tire kuma ki karkaɗe shi kafin ki saka a oven, shi ne yake ƙonewa ya yi miki baƙi a gindi. Ni a 180 nake yi tun daga farko har ƙarshe wajen minti 25 ban taɓa sawa a 200 ba.

Amma wallahi ni da za a ba ni alkakin nan naki da dubulan da na bar miki duk shuket ɗin garin nan. Nan ga sanyi ga kaɗaici, ɗakin da nake haya ko juyawa ba ka yi sosai, daddawar da na zo da ita ta ƙare, ranar da na yi miyar kuka maƙwabciyata har ƙwanƙwasa min ƙofa ta yi wai wari. Ku gode wa Allah kuna gida.

Anty mai kek, Kaduna:
Ƴata naki oven ɗin na lantarki ne mai fanka, shi ya sa 180 ta ishe ki. Na gas ɗinmu in ba ki fara da zafi sosai ba ba zai samu ƙarfin tashi ba. Kar ku rikita ta.

Ke kuma ƙanwata tunda lambobi ne a naki ki sayi ma'aunin zafi na oven, ɗan ƙarami ne ana rataya shi a ciki, masu kayan kek na kasuwar Sabon Gari suna da shi. Ki ɗora tiren a tsakiya, ki saka wani tiren ba komai a ƙasansa ya tare wutar, kuma kar ki jera su har can baya, ki bar wajen da ke ƙonawar ba komai. Kin ga ba sai kin juya ba.

Mai tambaya, Kano:
Anty tire ɗaya gare ni wanda ya zo da oven ɗin. Kuma in na bar baya ba komai ai guda nawa zan samu, sai na yi zubi uku ko huɗu gas ɗin fa? Ma'aunin kuma sai na tambayi maigidan kuɗi, in na tambaya zai gane ban iya ba, ni kuma na riga na nuna masa na iya.

Mai sana'ar fulawa, Gusau:
Maganar gas kam kar a tona. Ni yanzu na koma gawayi, tukunya babba nake zuba wa yashi in ɗora ƙarfe in jera abina in rufe in zuba garwashi a murfi, haka nake kek da mitfai, ina ga wannan ma zai yi. Sana'ar ma ta ishe ni wallahi, mutum ya yi oda na biki ka sayi fulawa da ƙwai da kuɗinka ka kwana a tsaye, a zo ɗauka a ce za a turo, yau sati nawa ina bin wata ko waya ta daina ɗagawa kuma ina ganinta tana ɗora hotunan anko. Allah ya isa dai.

Anty mai kek, Kaduna:
Tukunyar yashi ta yi wa kek, ba ta yi wa wannan ba. Tururin ba shi da hanyar fita, zai taru a murfi ya ɗigo musu, kuma dole ki ɗaga murfi ki duba, kin koma gidan jiya. Batun bashi kuwa ni na daina, ba kuɗi ba kaya ko ƴar uwata ce. Abin da ya fi ci min rai ma waɗanda za ka koya wa kyauta saboda Allah, wata biyu su buɗe nasu a layinku su karya farashi su bi kwastomominka ɗaya bayan ɗaya, a hanya ma ba gaisuwa. Shi ya sa wani lokacin in na ga tambaya a nan sai in yi kamar ban gani ba, yau ma don yarinyar ta ba ni tausayi ne.

Mai sana'ar fulawa, Gusau:
Anty ba ki gwada ba ai. Murfin kwano nake sawa mai ƴar ɓula tururi na fita.

Uwargida daga Zariya:
Ni dai tunda an ce ba bekin foda na yi shiru. Amma ba za a iya soya shi ba? A huta da rigimar oven.

Ɗaliba a Faransa:
Ana soyawa Anty, su ma Faransawan suna ɗiban kwaɓin da cokali su jefa a mai ya kumbura su barbaɗa suga, amma sunansa daban ba shuket ba ne kuma.

Mai tambaya, Kano:
Haba Uwargida, in soya kuma? Ai maganar da aka faɗa min kenan, komai sai mun tsoma a mai. Gara in fasa gaba ɗaya da in soya.

Hajiya Babba:
Ƴata zo nan ki ji. Ni na aurar da ƴaƴa na kuma karɓi surukai. Baiwar Allah ta taso tun daga Yamai a mota da ciwon ido, abin da take so ruwan wanka mai ɗumi da tuwo mai laushi da miya mai kyau da fuska a sake. Mutanen Damagaram da tuwo da fura aka san su kamar mu. Kin ma tambaya ko tana da ciwon suga? Da yawa masu zuwa ganin likitan ido a shekarunta suga ne ya taɓa idon. Kar ki je ki cika mata faranti da abin da likita ya hana ta. Ita kuma yarinyar ki bar ta da halinta, ba a gasa da ƙanwar miji, in ma kin ga dama ki ce ta shigo kicin ta koya miki, sai ki ga ta sauko.

Mai tambaya, Kano:
Hajiya na gode da nasiha Allah ya ƙara girma. Tuwo ai dole zan yi, har kaza na sa a kawo min. Maganar suga gaskiya ban sani ba bai taɓa faɗa min ba. Amma ni ba gasa nake ba, shi maigidan nake so in faranta wa, yadda ya ba ni labarin babansu Allah ya jiƙansa har idonsa ya kawo ruwa. In ce ta koya min kuwa Hajiya ki yi haƙuri ba zan iya ba, har Yamai sai an ji labari.

Maman ƴan biyu:
Gaskiyarki wallahi, kar ki ba ta wannan damar.

Mai tambaya, Kano:
Anties na dawo. Na sake yi da yamman nan. Na ƙara fulawa kofi ɗaya da ɗan kwata, na busar a wuta yadda Anty ta ce har na ga farin nan a gindin tukunya, na bari ya huce, ƙwai 3 da rabi ya sha. Madara na sa rabi kamar yadda ƴar Maradi ta ce tunda ita ta san bakinsu. Sugan kwalin ya yi kyau sosai bai narke ba sai ɗan gefe, Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Na gaban sun tsaya kyam, da na fasa ɗaya cikinsa rami ne sosai har yarona ya cinye guda biyar a tsaye. Amma na tsakiya sun ɗan lotse na baya kuma gindinsu ya yi baƙi yana ɗaci.

Anty mai kek, Kaduna:
Kin buɗe ko ba ki buɗe ba?

Mai tambaya, Kano:
Leƙawa kawai na yi Anty ban juya tiren ba, gilashin ƙofar ya dushe ba a ganin komai ta ciki kuma na ji ƙauri, ba zan zauna ina jin ƙauri in ƙi dubawa ba.

Anty mai kek, Kaduna:
Leƙawa ai buɗewa ce. Ga madara da na ce kar ki sa kin sa, ita ta jawo miki ƙaurin da wuri. Kin ɗauki rabin maganata kin haɗa da rabin ta wasu, in ya lalace kuma a ce Anty ce. Ni na gama nawa.

Ƴar Maradi:
Madara ba ta ƙona gindi Hajiya, wutar ƙasa ce ta yi yawa. Amarya ki aro tire wurin maƙwabta ki sa ƙasa, ki ƙara musu minti 5 da muciya a bakin ƙofa, na tsakiyar za su tsaya.

Mai tambaya, Kano:
Anty dan Allah kar ki yi fushi ba raina maganarki na yi ba, kowa na ga yana da hujjarsa ne. Maƙwabciyata kuma ba ma irin wannan aron da ita tun wata magana da ta faru. To yanzu tambayata, tunda ranar zan yi tuwo da miya da gyaran ɗaki, zan iya gasa shi tun dare in rufe a roba?

Ɗaliba a Faransa:
Kar ki rufe a roba zai yi laushi sugan ya jiƙe, a ranar ake cin sa. Gara ki matsa kwaɓin a tire ki sa a firiza ya daskare, ranar sai ki zuba suga ki gasa kai tsaye ki ƙara ƴan mintuna.

Mai sana'ar fulawa, Gusau:
Firiza da wace wutar? Ƴata kin daɗe ba kya gida. Ki gasa da dare abinki ƴar uwa ki rufa masa kyalle mai tsabta, da safe ki mayar oven minti 5 zai dawo garas.

Mai tambaya, Kano:
Mu kam unguwarmu tiransifoma ta lalace tun watan jiya. Anty mai kek ke me kika gani a ciki, in gasa tun dare ko in bari sai sun kusa isowa? Kuma motar ba a san lokacin isowarta ba, wani lokacin sai bayan isha'i.

Uwargida daga Zariya:
Wai ledar matsawar nan a ina kuke samu, ko ta ƙulla kunun aya ma za ta yi in an yanke bakinta?